Da gaske ne ana ba masu bincike na ƙasashe masu tasowa mujallun ilimi kyauta?

"Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata jami'a, ina kuma kan aikin digirina na uku a fannin lafiyar al'umma. Damuwata ita ce, duk lokacin da na ci karo da maƙalar da ta dace da bincikena, tsakurenta kawai nake iya karantawa, in na nemi cikakkiyar sai a ce in biya dala talatin ko arba'in. Na ji ana cewa akwai shirye-shiryen da ke ba masu bincike na ƙasashe masu tasowa damar karanta waɗannan mujallu kyauta. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, ta ina ake shiga, kuma me ya sa har yanzu muke shan wannan wahala?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Abin da kike son sani shi ne ko labarin da kika ji yana da tushe, da hanyar da za ki bi ki amfana, da kuma dalilin da ya sa wahalar ba ta ƙare ba in har shirye-shiryen suna nan. Labarin gaskiya ne. Shirye-shiryen sun haura shekara ashirin suna aiki, kuma fannin da kike ciki, wato lafiya, shi aka fara buɗe wa ƙofa kafin sauran. Na daɗe ina aiki a sashen laburaren jami'a da ke kula da mujallu da littattafan intanet, kuma abin da na fi gani a wannan aiki shi ne malami ko ɗalibi ya yi watanni yana fama, alhali makullin da yake nema yana ajiye a ofishin da bai taɓa leƙawa ba. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, wannan kyauta tana da iyaka, kuma mai bayarwa yana da ikon janye ta, don haka zan yi miki bayanin amfaninta da kuma inda ta gaza.

Yadda aka yi ilimi ya koma bayan katangar kuɗi

Mujallar ilimi daɗaɗɗiyar aba ce. A shekarar 1665 aka fara buga guda biyun da ake ɗauka su ne na farko, Journal des sçavans a birnin Paris da Philosophical Transactions a Landan, kuma shekaru aru-aru ƙungiyoyin masana ne suka fi riƙe da wannan aiki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatoci suka zuba kuɗi a harkar bincike, maƙaloli suka yawaita, kamfanonin ɗab'i na kasuwa suka shigo, suka kafa sababbin mujallu, suka kuma karɓi ragamar tsofaffi da dama. Wani nazari da Vincent Larivière da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 ya nuna cewa kamfanoni biyar kacal ne suka fitar da fiye da rabin maƙalolin da aka buga a 2013 cikin waɗanda kundin Web of Science ya tattara, daga cikinsu akwai Elsevier da Springer da Wiley da Taylor & Francis.

Dalilin da ya sa farashin ya ƙi sauka yana cikin tsarin kansa. Mai bincike ne ke yin aikin, sau da yawa da kuɗin jama'a, shi ke rubuta maƙalar ba a biya shi ko sisi, 'yan'uwansa masana su tantance ta su ma ba a biya su ba, sannan ya sa hannu ya miƙa haƙƙin mallaka ga kamfanin, daga nan kuma laburaren jami'arsa ya zo ya sayi damar karantawa. Ga shi kuma maƙala ba ta da madadi. In binciken da kike buƙata yana cikin mujalla kaza, babu wata mujalla mai araha da za ta maye gurbinta, saboda haka mai saye ba shi da bakin ciniki. A 2012 kwamitin da ke ba laburaren Jami'ar Harvard shawara ya rubuta wa malaman jami'ar cewa kuɗin mujallu ya kai matsayin da ba za a iya ci gaba da ɗauka ba, a 2019 kuma Jami'ar Kalifoniya ta katse yarjejeniyarta da Elsevier, ba su sake daidaitawa ba sai 2021. In masu hali suna wannan kuka, sai ki auna halin jami'ar da ake ba ta kasafi da kuɗin da darajarsa ke faɗuwa, takardar biya kuma tana zuwa mata da dala ko yuro ko fam.

Tun da fanninki lafiya ne, akwai misalin da nake yawan tunawa. A watan Afrilun 2015, bayan annobar Ebola ta riga ta yi ɓarna a Afirka ta Yamma, Dokta Bernice Dahn, wadda a lokacin ita ce babbar jami'ar lafiya ta Laberiya, ta yi rubutu da abokan aikinta biyu a jaridar New York Times, suka bayyana cewa sun gano wata maƙala ta 1982 da masu bincike daga Turai suka wallafa, wadda ta yi gargaɗin cewa ya kamata a lissafa Laberiya cikin yankunan da ƙwayar cutar take. Babu ɗan Laberiya ko ɗaya cikin marubutan, maƙalar kuma sai da kuɗi ake karanta ta, don haka gargaɗin bai isa ga likitocin da ya fi shafa ba. Ba ina cewa maƙala ɗaya za ta tare annoba ba ne, amma ilimin da aka samo daga jinin mutanen wata ƙasa ya kamata likitocin ƙasar su zama na farko da za su gani.

Research4Life, ƙofar da ya kamata ki fara ƙwanƙwasawa

A watan Yulin 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da yarjejeniya da manyan kamfanonin ɗab'i shida, a Janairun 2002 kuma shirin Hinari ya fara aiki da mujallu kimanin 1,500 na likitanci da kiwon lafiya. Wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka bi sahu. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta buɗe AGORA a 2003 tare da Jami'ar Cornell, hukumar kula da muhalli ta buɗe OARE a 2006 tare da Jami'ar Yale, hukumar kare haƙƙin fasaha ta kawo ARDI a 2009 domin kimiyya da ƙere-ƙere, sai Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙaro GOALI a 2018 domin fannin shari'a. Waɗannan biyar ɗin su ne ke ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna Research4Life, suna ɗauke da dubban mujallu da littattafai, kuma cibiyoyi a ƙasashe fiye da 100 ne suka cancanci shiga. Cibiyar da ta yi rajista tana samun duk biyar ɗin, wanda hakan yana da amfani gare ki ƙwarai, domin mai binciken lafiyar al'umma ba ya rabuwa da batun ruwa da abinci da muhalli da doka.

Abu na farko da za ki riƙe shi ne cewa ba a yi wa mutum ɗaya rajista, cibiya ake yi wa. Jami'o'i da kwalejoji, cibiyoyin bincike, asibitocin koyarwa, ma'aikatun gwamnati, laburaren ƙasa da ƙungiyoyin sa-kai na cikin gida duk suna iya nema, muddin ba don riba aka kafa su ba. An raba ƙasashen gida biyu. Na rukunin A ba sa biyan komai, na rukunin B kuma kowace cibiya tana biyan dala 1,500 a shekara, abin da bai kai kuɗin rajistar mujalla ɗaya daga cikin masu tsada ba. Ana yanke rukunin ƙasa ne bisa kuɗin shigarta gaba ɗaya, da abin da ke faɗa wa kowane mutum ɗaya daga ciki, da ma'aunin ci gaban ɗan'adam, da kuma ko tana cikin jerin ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ana sabunta jerin, ƙasa tana iya tashi daga wannan rukuni ta koma wancan, don haka shafin shirin ne zai nuna miki matsayin ƙasarku a yau. Manyan ƙasashe irin su Indiya da Sin da Brazil da Afirka ta Kudu ba sa ciki saboda girman tattalin arzikinsu, kuma a ganina wannan na daga cikin raunin tsarin, domin ana auna ƙasa ne, ba a auna aljihun ƙaramar kwalejin da ke cikinta.

Shawarata ita ce ki je laburaren jami'arku da ƙafarki, ki nemi jami'in da ke kula da kayan karatu na intanet, ki tambaye shi kai tsaye ko jami'ar tana da rajistar Research4Life. Sau da yawa za ki tarar an yi rajistar tun shekaru da suka wuce. A wasu wuraren an haɗa ta da intanet ɗin harabar jami'a, wato duk wanda ya shiga daga can za a gane shi ba sai ya rubuta komai ba, a wasu kuma sunan shiga da kalmar sirri za a ba ki. In ba a yi rajistar ba, cike takardar neman a intanet ake yi, shugaban laburare da shugaban cibiyar su amince da sharuɗɗan.

Daga abin da na gani a wurin aiki, abubuwan da ke hana mutane cin moriyar shirin ba su da alaƙa da kamfanonin ɗab'i sosai. Na taɓa zuwa wata cibiya domin horar da ma'aikata, muka tarar wanda aka aika wa kalmar sirrin ya yi ritaya da daɗewa, akwatin imel ɗin da aka yi rajista da shi kuma babu mai buɗewa, malamai suna ta sayen maƙaloli da kuɗin aljihunsu. Cikin 'yan kwanaki aka gyara bayan an rubuta wa masu kula da shirin. Akwai kuma ma'aikacin laburaren da ke riƙe kalmar sirri kamar dukiyarsa, ba ya bayarwa sai ga wanda ya sani, wanda hakan kuskure ne babba, domin an bayar da ita ne saboda kowane malami da ɗalibi da ma'aikacin cibiyar. Kuskuren da ya fi yawa a wajen masu amfani kuwa shi ne mutum ya karɓi kalmar sirrin, sannan ya je Google ya nemo maƙala, ya faɗa shafin kamfanin kai tsaye, a nemi ya biya, sai ya dawo ya ce shirin ba ya aiki. Dole ne ki fara shiga ta shafin Research4Life, daga cikinsa ki bi zuwa mujallar, domin ta haka ne shafin kamfanin zai gane daga inda kika fito. Ki kuma kiyaye sharuɗɗan: ba a liƙa kalmar sirri a dandalin sada zumunta, ba a ba wanda ba ɗan cibiyar ba, ba a kuma sauke mujalla sukutum, domin laifin mutum ɗaya yana iya sa a rufe wa jami'a baki ɗaya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kamfanonin da ke cikin shirin da son ransu suka shiga, kuma kowannensu yana da ikon cire mujallunsa daga wata ƙasa ko wata cibiya, musamman inda yake ganin zai iya samun mai saye. Shi ya sa za ki iya shiga daidai, ki ga sunan mujalla, amma a ce ba a buɗe ta ga ƙasarku ba. A Janairun 2011 mujallar BMJ ta ba da labarin cewa an janye mujallu kimanin 2,500 daga masu amfani da Hinari a Bangaladesh, sai da masana suka yi ca a kai kafin a fara mayar da su. Wannan lamari ya nuna wa duk mai aiki a wannan fage cewa zanen aro ba ya rufe katara. Ina amfani da shirin kullum, ina kuma godiya ga waɗanda suka kafa shi, amma ban yarda jami'a ta jingina dukkan bincikenta a kansa ba.

Akwai wasu ƙofofin na cibiyoyi da ya dace ki tambaya a wannan zuwan. JSTOR, rumbun mujallu na intanet wanda ya fi ƙarfi a tsofaffin fitowar mujallu na ilimin zamantakewa da tarihi da adabi, ya fara yafe wa cibiyoyin Afirka kuɗin shiga a 2006, kuma ko mutum shi kaɗai yana iya buɗe asusu kyauta ya karanta wani adadi na maƙaloli a kowane wata. Ƙungiyar EIFL, wadda aka kafa a 1999, tana yi wa gamayyar laburarori na ƙasashe da dama ciniki da kamfanonin ɗab'i domin a sami rangwame ko a ba su kyauta. Wasu ƙasashen kuma gwamnati ce ke saye wa kowa a dunƙule, kamar yadda Masar ta yi da rumbun ilimin da ta buɗe a 2016, Indiya ma ta fara irin wannan tsari a farkon 2025.

Abin da yake a buɗe ga kowa

Tun a 1991 Paul Ginsparg ya kafa arXiv, inda masana fiziya suka riƙa ajiye daftarin maƙalolinsu kowa ya karanta. A watan Fabrairun 2002 aka fitar da sanarwar Budapest, wadda ta fayyace manufar buɗe sakamakon bincike ga kowa ba tare da kuɗi ba, ta kuma nuna hanya biyu: ko dai mujallar kanta ta zama a buɗe, ko marubuci ya ajiye kwafin aikinsa a rumbun da kowa ke iya shiga. Daga wancan lokaci zuwa yau wani babban kaso na maƙalolin duniya ya zama ana iya samunsa kyauta ta halattacciyar hanya, kuma wannan ba ya buƙatar kalmar sirri, ba ya kuma tambayar daga wace ƙasa kike.

Ga yadda nake bi in malami ya kawo mini maƙalar da ta gagare shi. A fannin lafiya nakan fara da PubMed, kundin neman maƙalolin lafiya a intanet, domin yana haɗe da PubMed Central, rumbun da aka buɗe a Amurka a shekarar 2000, wanda tun 2008 hukumar binciken lafiya ta ƙasar ta wajabta ajiye duk maƙalar da aka yi da kuɗinta a cikinsa. In ban samu ba, sai in rubuta taken maƙalar a Google Scholar, in danna wurin da ke nuna dukkan kwafe-kwafenta, domin sau da yawa kwafi na uku ko na huɗu yana zaune a rumbun wata jami'a a buɗe. Akwai kuma Unpaywall, ƙaramar manhaja da ake ɗora wa burauza, wadda ke nuna koren kwaɗo a gefen shafi in akwai halattaccen kwafi kyauta a wani wuri. CORE da BASE suna tattaro abin da ke cikin rumbunan jami'o'in duniya wuri ɗaya, DOAJ kuma, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, jeri ne na buɗaɗɗun mujallu da aka tantance. Game da rumbunan daftari irin su bioRxiv na 2013 da medRxiv na 2019, sai ki yi hattara, domin abin da ke cikinsu masana ba su riga sun tantance shi ba. Yana da kyau don sanin inda bincike ya dosa, amma kada ki kafa hujjar magani ko shawarar lafiya a kansa sai kin duba ko an wallafa shi daga baya, kuma ko sakamakon bai canza ba.

Hanyar da mutane suka fi rainawa, ni kuma na fi ganin amfaninta, ita ce rubuta wa marubucin. Kusan kowace maƙala tana ɗauke da imel ɗin ɗaya daga cikin marubutanta, kuma galibi ana iya ganinsa ba sai an biya ba. Ki rubuta gajeren saƙo, ki faɗi ko ke wace ce, da jami'arki, da abin da kike bincike a kai, da cikakken taken maƙalar, ki roƙi kwafi don karatun kanki. Marubucin ba ya samun komai daga kuɗin da kamfani ke karɓa, abin da yake so shi ne a karanta aikinsa a ambace shi, yawancin kamfanoni kuma sun yarda marubuci ya aika wa abokin sana'a kwafi. Na ga inda irin wannan saƙo ya zama mafarin aikin haɗin gwiwa da ya daɗe.

Na san za a ambata miki Sci-Hub, shafin da ke raba maƙaloli kyauta ba da izinin kamfanonin ɗab'i ba, in ma ba a riga an ambata ba. Alexandra Elbakyan ce ta kafa shi a 2011 tana ɗaliba a Kazakistan, kuma dalilinta shi ne irin wannan wahalar da kika kawo. Na fahimci abin da ke kai mutane can, ba na kuma zargin wanda katanga ta tare, amma ba na tura kowa. A 2017 wata kotu a New York ta yanke wa shafin hukuncin biyan Elsevier dala miliyan 15 saboda keta haƙƙin mallaka, an kuma toshe shi a ƙasashe da dama. Abin da ya fi damuna a matsayina na ma'aikacin laburare shi ne shafin ya dogara da sunayen shiga da kalmomin sirri na jami'o'i wajen ɗebo maƙaloli, don haka duk wanda ya nemi ki ba shi na jami'arku da sunan taimakon ilimi, kada ki bayar.

Katangar ta tashi daga karatu ta koma wallafa

Tun da digiri na uku kike yi, ba da jimawa ba za ki tashi daga mai neman karantawa ki zama mai neman a wallafa mata, a nan kuma za ki tarar da wata katangar. Yawancin manyan kamfanoni sun amince su buɗe maƙala ga kowa ne bisa sharaɗin marubuci ko cibiyarsa ta biya kuɗin wallafa. Da wasu manyan masu ba da tallafin bincike a Turai suka fito da shirin Plan S a 2018, wanda ya wajabta buɗe duk binciken da aka yi da kuɗinsu, wannan salo ya ƙara ƙarfi. A 2021 mujallar Nature ta sa yuro 9,500 a kan maƙala ɗaya. Jami'o'in ƙasashe masu arziki suna ƙulla yarjejeniyar da ke biya wa malamansu, namu kuwa sai su koma masu karanta abin da wasu suka rubuta, nasu binciken yana kwance a aljihun tebur. Wannan ya fi damuna a kan tsohuwar matsalar, domin cututtuka da amfanin gona da matsalolin da suka fi addabar ƙasashe masu tasowa, masu bincikensu ne suka fi kowa sanin su.

Akwai mafita, ko da ba cikakkiya ba ce. Kamfanoni da yawa suna yafe kuɗin gaba ɗaya ko su rage shi ga marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma galibi da jerin ƙasashen Research4Life ko na Bankin Duniya suke aiki. Ki karanta ƙa'idar mujallar kafin ki tura, ki nemi yafewar a lokacin turawa, domin in kika bari sai an karɓi maƙalar, da yawa ba sa saurare. Ki kuma sani cewa galibi ƙasar marubucin da ke musayar wasiƙa da mujallar ake dubawa, wasu kuma sukan janye yafewar in akwai abokin rubutu daga ƙasa mai arziki. Sannan mafi yawan mujallun da ke cikin DOAJ ba sa karɓar ko kwabo daga marubuci, jami'o'i da ƙungiyoyin masana ne ke ɗaukar nauyinsu, kuma shafin yana ba ki damar ware su kaɗai. In kuma kika wallafa a mujallar da ake biya kafin a karanta, yawancinsu suna ba ki izinin ajiye kwafin ƙarshe da aka amince da shi a rumbun jami'arki, wani lokaci bayan watanni shida ko shekara.

Ki yi hankali da mujallun bogi, waɗanda ke cika akwatin imel da gayyata mai daɗin baki, suna alkawarin wallafawa cikin mako ɗaya ko biyu. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika wata maƙala ta ƙarya mai cike da kurakurai na ganganci zuwa mujallu 304 masu karɓar kuɗin wallafa, 157 daga ciki suka karɓe ta, mujallar Science ta buga labarin. Kafin ki tura aikinki, ki duba ko mujallar tana cikin DOAJ ko wani kundi da masana fanninki suka yarda da shi, ki duba ko editocin da aka lissafa mutane ne na gaske da suka san an sa sunansu, ki karanta maƙaloli biyu ko uku da ta buga. Shafin Think. Check. Submit. yana da tambayoyin da za su taimaka miki. Na ga malaman da kwamitin ƙarin girma ya yi watsi da ayyukansu masu kyau saboda inda suka kai su, kuma aikin da aka riga aka buga a mujallar bogi da wuya wata mujallar kirki ta sake karɓarsa.

Abin da nake ganin zai ɗore shi ne wanda ƙasashe masu tasowa suka gina da hannunsu. Latin Amurka ta nuna ana iyawa: SciELO, wanda ya fara a Brazil a ƙarshen shekarun 1990, da Redalyc na Meziko, sun buɗe ɗaruruwan mujallu ga kowa da kuɗin jama'a da na jami'o'i, mai karatu ba ya biya, a mafi yawansu marubuci ma ba ya biya. A Afirka akwai AJOL, wanda ƙungiyar INASP ta fara a 1998 aka mayar da ragamarsa Afirka ta Kudu a 2005, yana ɗauke da ɗaruruwan mujallun nahiyar, ko da yake ba dukkansu ne a buɗe ba. Ina roƙonki ki riƙa farawa da shi a duk binciken da ya shafi lafiyar al'ummomin Afirka, domin akwai ayyuka masu muhimmanci a ciki da manyan kundaye ba su tattara ba. A watan Nuwamban 2021 ƙasashe mambobin UNESCO suka amince da shawarar buɗe kimiyya ga kowa, amma takarda ba za ta yi aiki ba muddin kwamitocin ƙarin girma a jami'o'inmu suna ci gaba da fifita sunan mujallar waje a kan ingancin abin da aka rubuta, kundayen digiri kuma suna tare ƙura a kan kanta babu wanda ya ɗora su a rumbu.

Duk da wannan, kada in sa ki zaci komai zai buɗe. Ƙwarewata ta fi ƙarfi a mujallun lafiya da noma, inda shirye-shiryen suka fi yalwa, kuma ko a nan akwai mujallun wasu ƙungiyoyin ƙwararru da ba sa cikin kowane shiri, littattafan ilimi kuma sun fi maƙaloli wuyar samu nesa ba kusa ba. Babu kuma shirin da zai magance rashin wuta ko raunin intanet, sai dai mutum ya saba da sauke abin da yake buƙata lokacin da hanya ta yi kyau, ya adana shi a tsare a manhaja irin Zotero, wadda kyauta ce. Abin da za ki yi a wannan mako shi ne ki rubuta jerin maƙalolin da suka gagare ki, kowace da cikakken takenta da lambarta ta DOI, wato lambar shaidar da ake ba maƙala a intanet, ki tafi da shi laburare. Ku gwada su ɗaya bayan ɗaya ta Research4Life, sannan ta buɗaɗɗun rumbuna, ki rubuta wa marubutan waɗanda suka rage. 'Yan kaɗan ɗin da suka ƙi samuwa bayan haka, ki nemi laburaren ya roƙo miki su daga wani laburaren da yake da rajistar mujallar, ko ki sanar da mai duba aikinki, domin wataƙila yana da abokin aiki a jami'ar da ke da ita.